Darasi na 9: Zaman Unguwa a Awon Igiya

Manufar darasi

Idan an kammala wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya:

1. Bayyana yadda sababbin unguwannin gefen birni suke kafuwa, da abin da ke jawo matsalolinsu.
2. Rarrabe aikin da mutanen unguwa za su yi da hannunsu da wanda yake na hukuma.
3. Rubuta gajeriyar takardar koke.
4. Riƙe littafin kuɗin ƙungiyar unguwa.

Shimfiɗa

Da an sallame sallar asuba a layinmu, ƙarar farko da ke shiga kunne ita ce ta kurar ɗan garuwa, jarkoki na gwaruwa yana turo ta cikin rairayi. Mai ƙosai ta riga ta hura wuta, mai shayi yana jera kofuna, yara sun fito wasu da allo wasu da jakar boko. Can bakin titi 'yan adaidaita sahu na kiran fasinja: Kwari, Bata, Sabon Gari. Kafin hantsi magidanta sun bazama cikin gari neman abinci, ba a sake ganinsu sai magariba.

Haka gari ke wayewa a Ɗorayi da Sheka da Mariri da Rijiyar Zaki da Bachirawa, da sauran unguwannin da suka yi wa Kano ƙawanya. Da yawa daga cikin 'yan wannan aji a irin waɗannan unguwanni suke kwana. Maganar da darasin yau yake ɗauke da ita guda ce: lungun da ke ƙofar gidanka wani sashe ne na gidanka. Kwatar da ta bi ta gabansa, da falwayar da ke kusurwa, da yaron maƙwabci da ke zaune a dakalinka, duk sai sun shigo maka gida, ko ka so ko ka ƙi.

1. Yadda gona take zama unguwa

A cikin ganuwar Kano, wadda aka fara ginawa zamanin Sarki Gijimasu wajen shekara 900 da suka wuce, kowace unguwa tana da asali. Sunanta ma yakan faɗi su wane ne mutanenta ko mece ce sana'arsu: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Lokon Maƙera, Soron Ɗinki. Kakan wannan ya san kakan wancan, auratayya ta ɗinke gidaje. Yaro in ya yi ba daidai ba a ƙarshen lungu, duk babban da ya gani zai tsawata masa, ubansa kuma ya je ya yi godiya.

Unguwar bayan gari ba haka ta samu ba. Jiya-jiya gonar gero da dawa ce. Birni ya cika ya batse, domin ƙidayar 2006 ta sami mutum sama da miliyan 9 a Jihar Kano, kuma kullum baƙi shigowa suke yi. A yau abin da ake kira birnin Kano ya mamaye ƙananan hukumomi 8 daga cikin 44 na jihar: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo.

Ga yadda abin yake faruwa. Mai gona ya rasu magada su raba, ko buƙata ta taso ya sayar. Dillali ya zo da igiya ko tef ya yanka fulotai, ƙafa 50 a 50, wani ma rabin haka. Daga nan sunan awon igiya ya fito. Shi mai yanka so yake fulotai su yi auki, saboda haka sai ya matse hanya. Ba ya barin filin makaranta ko na asibiti ko maƙabarta, balle hanyar ruwa. Kududdufin da ruwan damina ya saba kwanciya a ciki, a cike shi da shara a sayar. A filayen da hukumar tsara birane ta KNUPDA ta shata, titi da magudana da filin jama'a ake fara warewa kafin a aza bulo. A awon igiya kuwa gidaje ne ke riga komai zuwa, sauran abubuwa su biyo baya, in sun biyo.

Mai sayen fili ya kuma sani cewa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Takardar ciniki da mai unguwa da shaidu suka sa wa hannu shaida ce ta saye, amma ba ita ce takardar mallaka ta gwamnati ba.

Su wa ke zaune a nan? Ɗan kasuwar Kwari da ya gaji da haya, malamin makaranta, direba mutumin Katsina, tela mutumin Haɗeja, lebura mai aiki a kamfanonin Sharaɗa ko Challawa, Bayerabe bakanike, bazawara da marayunta. Katanga ce ta haɗa su, ba jini ba. Zumuncin da mutanen cikin gari suka gada, su sai sun ƙulla shi da hannunsu.

2. Karatu: Daren da ruwa ya shigo

*Malami ya karanta da ƙarfi sau ɗaya, sannan ɗalibai su karanta bi da bi.*

Wata shekara cikin watan Agusta, aka tsuge da ruwa tun bayan isha'i, bai ɗauke ba sai gab da asuba. Layinmu gangare ne, ruwan gidajen sama duk ta ƙofarmu yake bi. A daren nan kwata ta ƙi ja. Na farka na sako ƙafa ƙasa na ji ta cikin ruwa har idon sawu, takalman yara na yawo a tsakar ɗaki. Muka ɗora buhun masara a kan gado, muka kwana muna kwarfa da bokiti da kwanon sha. A gidan da ke ƙasa da namu, gidan wata dattijuwa mai riƙon jikoki uku, katangar ƙasa ta zube. Allah ya taƙaita, ba ta danne kowa ba.

Da hantsi muka hallara a zauren mai unguwa, kowa wandonsa a naɗe. Aka gaisa, aka jajanta wa juna. Sai wani matashi ya ce, "Ranka ya daɗe, ba wani ne ya jawo mana wannan ba illa Alhajin kusurwa. Ya zuba kankare a kan kwata don motarsa ta sami hanyar shiga, ko ɗan bututu bai bari ba."

Alhajin ya harzuƙa. "Kai yaro, ƙofar gidana ce, da kuɗina na saya. Ku je ku tambayi na sama da ke turo mana ƙazanta."

Liman ya ɗaga hannu. "Alhaji, a yi haƙuri. Ba shari'a muka zo yi ba."

"Allah gafarta Malam, ai shi ya fara."

Ana cikin haka sai dattijuwar nan ta yi sallama daga bakin zaure, ta durƙusa gefe. Mai unguwa ya ce, "Inna, sannu da wannan jarrabawa. Akwai magana?"

Ta ce, "Allah ya taimake ka, ku da kuke wuni a kasuwa ba ku ganin abin da muke gani. Da hadari ya haɗo, gida-gida ake miƙa wa yara bokitin shara, a ce maza ku juye a kwata ruwa ya tafi da ita. Ya tafi da ita ina? Ga ta can a ɗakina. Ledar kowa na gani a ƙarƙashin gadona da safen nan. Ni ma ba zan ɓoye ba, na sha aiken jikokina."

Zaure ya yi tsit. Ni kaina na sunkuyar da kai, don na san bokitin gidana yana ciki.

Mai unguwa ya nisa ya ce, "To, kun ji. Alhaji, kankaren nan za a fasa a sa bututu mai faɗi. Ba kai kaɗai za ka ɗauka ba, za mu kama maka da aikin ƙarfi. Asabar ɗin ƙarshen wata kowane gida ya fito da mutum ɗaya da shebur. Kwalbatin bakin titi kuwa ya fi ƙarfinmu, sai an rubuta wa ƙaramar hukuma. Wa zai riƙe mana rubutu?"

Aka dubi juna. Masu boko mai zurfi duk suka ce ba su zama. Sai telan bakin layi, wanda shekararsa biyu ke nan yana zuwa ajin yaƙi da jahilci da dare, ya ce, "Ranka ya daɗe, hannuna ba shi da sauri, amma kullum ina shago. In an yarda zan riƙe."

Shi ya bi gida-gida ya rubuta sunayen masu gidaje da 'yan haya a littafin makaranta mai layi. Ranar gayya muka fito da shebur da manjagara da baro biyu na haya. Abin da muka zaƙulo daga kwatar nan ya isa wa'azi: ledojin ruwa, robobin lemo, tsummokara, tsohuwar katifa, da yashi har gwiwa. Mata suka aiko da kunu da ƙosai. Alhajin kusurwa da kansa ya riƙe diga aka fasa kankarensa. Ruwan da aka yi bayan nan ya wuce abinsa, bai leƙa ɗakin kowa ba. Kwalbati kuwa sai da tela ya rubuta takarda uku, damina ta sake zagayowa, kafin aka zo aka yi shi.

3. Kwata da shara da lafiyar iyali

Labarin nan ya nuna cewa ruwa bai san iyakar fuloti ba. Abin da na sama ya zubar, na ƙasa ke kwana da shi. Leda ba ta ruɓewa kamar ɓawon rake ko ganyen ɗaurin tsire. In ta shiga kwata sai ta tare yashi, yashi ya tare ruwa.

Ruwan da ya kwanta kuwa gidan sauro ne. A lokacin zafi da damina, ƙwan sauro yakan zama sauro mai tashi cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ramin da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini, tsohuwar taya, gwangwani, randar da ba murfi, duk suna ƙyanƙyasar abin da zai kai yaro asibiti da zazzaɓin cizon sauro. Gidan sauro na kwana yana kare mai barci, amma cike rami da buɗe hanyar ruwa suna kare layi gaba ɗaya.

Akwai kuma haɗarin da ido ba ya gani. A ƙaramin fuloti, rijiya da masai sukan zama kusa da juna, wani lokaci rijiyarka tana jingine da masan maƙwabci ta bayan katanga. Masana lafiya suna ba da shawarar a bar tazarar kamar mita 30 tsakaninsu, abin da fulotin awon igiya ba ya ɗauka. Da damina ƙazanta takan tsiyaya ta ƙarƙashin ƙasa ta haɗu da ruwan sha, daga nan amai da gudawa ke ɓarkewa. Saboda haka kafin ka haƙa masai, tambayi maƙwabcinka inda rijiyarsa take. A tafasa ruwan sha ko a sa masa maganin tsarkakewa. In gudawa ta kama wani, a haɗa ruwan gishiri da sukari nan take: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ana ba shi ana kan hanyar asibiti.

A Kano an ware Asabar ɗin ƙarshen wata, daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, domin tsabtace muhalli. Awa ukun nan sun isa a yashe kwatar layi guda in kowane gida ya fito. Amma a kula: dattin da aka yaso aka tara a bakin kwata, in ba a kwashe ba, ruwan farko zai mayar da shi. A shirya yadda za a kai shi bola tun kafin a sa shebur. Lokacin da ya fi dacewa da babban yasa shi ne watan Afrilu ko Mayu, kafin ruwa ya sauka.

4. Ruwan sha da wutar lantarki

Ruwan famfo na Kano daga matatun Challawa da Tamburawa da Watari yake fitowa, amma bututu bai kai yawancin sababbin unguwanni ba. Mutane sun dogara da rijiya da burtsatse da 'yan garuwa masu jarka mai lita 25. Da bazara rijiyoyi su ja baya, kuɗin jarka ya hau, yara su wuni a layin ɗiban ruwa maimakon aji.

Sau da yawa wani bawan Allah ko ɗan siyasa yakan gina wa unguwa tuƙa-tuƙa ko burtsatse mai sola, a sha ruwa wata shida, ranar da ya lalace kowa ya juya baya. Abin da kowa ke mora, in ba a ɗora wa wani amanarsa ba, ya zama maraya. Tun ranar da aka buɗe shi a naɗa masu kula, a yanka ɗan abin da za a riƙa bayarwa, a ajiye domin ranar gyara.

Ta ɓangaren wuta, tun 2013 kamfanin KEDCO ke rarraba ta a Kano da Katsina da Jigawa. Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: hukumar NERC, mai sa ido kan harkar lantarki a Nijeriya, ta sha bayyana cewa sayen taransfoma da falwaya da gyaransu aikin kamfanin rarraba wuta ne, ba na masu biyan kuɗin wuta ba. In taransfoma ta ƙone, matakin farko shi ne a kai koke a rubuce ofishin kamfani, a karɓi shaidar an kai. In ba a ga biyan buƙata ba, a ɗaukaka koken zuwa hukumar da ke sa ido. Namu haƙƙin kuma shi ne mu biya kuɗin abin da muka sha, mu hana satar wuta da jone-jonen ganganci. Su ne ke ɗora wa taransfoma kayan da ya fi ƙarfinta, su ne kuma ke tayar da gobara a lungun da motar 'yan kwana-kwana ba ta iya shiga.

5. Tsaro da matasa

Ba abin da ke hana magidanci barci kamar ƙwacen waya da faɗan daba da haurawa gida. Unguwanni da yawa sun kafa 'yan sintiri, ana karo-karo ana saya musu tocila da usur, ana ba su ɗan ihisani. Tsari ne mai kyau in an kiyaye sharaɗi uku. A zaɓi mutanen da aka san gidajensu da halinsu. A sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda na yanki. Wanda aka kama kuma a miƙa shi ga hukuma da ransa da lafiyarsa. Ihun "ɓarawo" ya sha cinye ran wanda bai ji ba bai gani ba, kuma wanda ya ɗaga gora a taron duka, shi ma ya zama mai laifi a gaban Allah da gaban doka. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, ba a cajin kuɗi.

Sai dai sintiri tare ƙofa ne kawai. Yaron da ke tare mutane da wuƙa ba daga sama ya faɗo ba. A gabanmu ya daina zuwa makaranta, a kangon da ke bayan gidanmu ya fara shaye-shaye, muka gani muka ce ba ɗanmu ba ne. Gwamnatin Tarayya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018, hukumar NDLEA kuma tana kama dillalan ƙwaya, amma ba hukumar da za ta riga maƙwabci ganin yaro ya canza abokai. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ka sami uban yaron a keɓe, da lafazi mai taushi. Uban da aka kawo wa irin wannan magana kuma ya karɓa da godiya, domin mai ƙaunarsa ne ya zo. Mai sana'a a layi, kafinta ko tela ko mai walda, in ya ɗauki yaro ɗaya ya koya masa aiki, ya yi wa unguwa gadin da ya fi na dare.

6. Ƙananan haƙƙoƙi

Ba kullum ake ambaliya ba. Abin da ya fi ɓata zaman unguwa ƙananan abubuwa ne masu maimaituwa: indararon da ke zuba a katangar maƙwabci, janareta da aka jingina da tagar ɗakin barcinsa, akuyar da aka saki tana cin shanyar mutane, yashi da bulo da aka jibge a hanya wata da watanni, rufe layi don biki ba tare da sallama ba. Addininmu ya girmama haƙƙin maƙwabci ƙwarai, kuma bai ce sai wanda kuke masallaci ɗaya ko yare ɗaya ba. Ɗan haya ma ɗan unguwa ne: a sa sunansa a littafi, a kira shi taro, a je masa suna da ta'aziyya.

Kada kuma a yanke shawarar unguwa ba da mata ba. Su ke wuni a gida. Su suka san lokacin da baƙuwar fuska ke kewaya layi, da gidan da aka kwana biyu ba a ɗora tukunya ba. A zauren mai unguwa, maganar Inna ce ta warware abin da maza suka kasa. A nemi bakinsu ta wajen Islamiyya ko uwar adashi, a ba su wakilci a ƙungiya.

7. Ina ake kai koke?

Kuka a majalisar mai shayi ba ya gyara kwalbati. Kowace matsala da ƙofarta:

- Saɓanin maƙwabta, iyakar fili, baƙon da ba a yarda da shi ba: mai unguwa. In ta fi ƙarfinsa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi.
- Kwalbati, magudana, gyaran makarantar firamare ko ƙaramin asibiti: kansilan mazaɓa da sakatariyar ƙaramar hukuma.
- Bolar da ta cika: hukumar kwashe shara ta REMASAB.
- Gini a kan hanya ko a kan magudanar ruwa: KNUPDA.
- Masai mai tsiyaya a titi da sauran ƙazanta mai cutarwa: duba-gari na ƙaramar hukuma.
- Sata, ƙwace, faɗan daba: 'yan sanda.

8. Alƙalami a hidimar unguwa

Baki yakan manta, takarda ba ta mantuwa. Ga samfurin takardar koke. A cike guraben da aka bari.

*Ƙungiyar Mazauna Layin ________,*
*Unguwar ________.*
*Kwanan wata: ________*

*Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukumar ________,*
*Ta hannun Mai Unguwar ________.*

*Ranka ya daɗe,*

*KOKE A KAN KWALBATIN BAKIN LAYINMU*

*Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu mazauna wannan layi, gidaje ____, muna sanar da kai cewa kwalbatin da ke bakin layinmu ya rufta. A daminar bana ruwa ya shiga gidaje ____, katanga ____ ta faɗi. Mun yi aikin gayya mun yashe kwata ranar ________, amma gyaran kwalbati ya fi ƙarfinmu. Muna roƙon a turo injiniya ya duba kafin damina mai zuwa. A shirye muke mu taimaka da aikin ƙarfi.*

*Allah ya taya riƙo.*

*Sa hannun shugaba: ________ Sa hannun magatakarda: ________*

A lura da abu huɗu. Takardar ta tsaya a kan matsala ɗaya. Ta kawo adadi. Ta faɗi abin da mutane suka yi da kansu kafin su roƙa. Ba zagi a cikinta, ba zargi. A yi kwafi biyu, a sa mai karɓa ya buga hatimi da kwanan wata a kan ɗaya, a dawo da ita a adana.

Bayan takardar koke, abu na biyu shi ne littafin kuɗi. Ƙungiyoyin unguwa da yawa zargi ne ya kashe su, ba talauci ba. Maganinsa a rubuta duk abin da ya shigo da duk abin da ya fita, a karanta a gaban jama'a kowane wata. Mai riƙe kuɗi daban, mai riƙe littafi daban. Ga misali domin koyo, a layi mai gida 40 da kowane gida ke ba da naira 500 a wata:

- Abin da ya shigo: gida 34 sun biya, N17,000
- Hayar baro 2, kowane N1,500: N3,000
- Kuɗin kwashe datti zuwa bola: N8,000
- Jimlar abin da ya fita: N11,000
- Saura a hannun ma'aji: N6,000

Gidan marayu da na wanda ba shi da hali, taro ya yafe musu a fili, a rubuta an yafe, don kada a riƙa bin su da kallon masu taurin bashi.

Kammalawa

Tun 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, Jihar Kano ta kafa hukumar ilimin manya, domin wanda karatu ya wuce shi da ƙuruciya ya same shi da girma. Wasu na cewa, me gemu zai yi da allo? Telan layinmu ya ba su amsa. Har yau littafin nan mai layi yana cikin akwatin kekensa, tare da almakashi da alli, kuma kwafin takardu ukun nan suna naɗe a cikinsa da hatiminsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma ko hannu ɗari ne sai an sami mai cewa a ɗaga. Kai da ke zaune a ajin nan kana haɗa baƙi da wasali, layinku yana jiran wanda zai ce, "In an yarda zan riƙe."

Ma'anar kalmomi

- Awon igiya: filayen da masu gona ko dillalai suka yanka ba da tsarin hukuma ba.
- Gayya: aikin da jama'a ke taruwa su yi tare ba don lada ba.
- Kwalbati: ƙaramar gadar da ruwa ke bi ta ƙarƙashinta.
- Duba-gari: ma'aikacin da ke duba tsabtar gidaje da unguwa.
- Magatakarda: mai riƙe rubutun ƙungiya.
- Ma'aji: mai riƙe kuɗin ƙungiya.

Tambayoyi

1. Me ya sa hanyoyin awon igiya suke da matsi?
2. Kawo abu biyu da suka toshe kwata a cikin labarin.
3. Me ya sa zaure ya yi tsit bayan maganar Inna?
4. Aikin wane ne gyaran taransfoma, kuma mene ne haƙƙin mai shan wuta?
5. Faɗi sharuɗɗa uku na kafa 'yan sintiri.
6. A misalin littafin kuɗi, gida nawa ne ba su biya ba? In an yafe wa gida 2 daga cikinsu, nawa ya rage a karɓo?

Tattaunawa a aji

A rabu rukuni-rukuni, maza da mata kowa ya faɗi albarkacin bakinsa: wace matsala ce a layinku za ku iya magancewa da hannunku cikin wata ɗaya, wacce ce kuma sai da hukuma?

Aikin gida

1. Ƙirga gidajen layinku, ka rubuta adadin masu rijiya da adadin masu sayen ruwa.
2. Zana layinku a takarda, ka nuna da kibiya inda ruwan sama yake bi da inda yake kwanciya.
3. Yi amfani da samfurin da ke sama ka rubuta takardar koke a kan matsala ɗaya ta unguwarku. Ka zo da ita aji a gyara, sannan ka kai wa mai unguwarku ya gani.